Zomo

Sunana Kulani, 'yar Taressa,
daga gindin dutsen Cilalo, inda sha'ir ke nuna a makare.
Ba don lamba na fara gudu ba.
Makaranta na da nisa, malamin lissafi na da tsumagiya,
ƙafa kuwa ba ta neman kuɗin mota.

Obbo Fayisa ya gan ni ina bin maraƙin da ya tsinke igiya,
ya ce, "Yarinya, wa ya ba ki wannan huhu?"
Na ce, "Maraƙin."
Washegari ya zo da takalmi mai ƙusoshi,
na hagu ya yi mini yawa,
na yagi gefen tsohon mayafin innata na cusa.

Mita ɗari takwas, zagaye biyu ne kacal,
amma ba uwa ɗaya ta haife su ba.
A na farko kina tare da hankalinki.
A na biyu bakinki ya cika da ɗanɗanon ƙarfe,
cinyoyinki su koma buhunan gishiri,
layin ƙarshe ya riƙa ja da baya kamar mai gudun bashi.

Ina sha tara na cinye a Asela.
Ina ashirin aka sa ni a jirgi,
na sauka Ostrava da rigar sanyi ta aro,
na zo ta biyu.
Da kuɗin aka yi wa ɗakin inna rufin kwano,
ta ce yanzu ruwan sama ya hana ta barci,
tana faɗa tana murmushi.

Sai babbar gasa, wadda na yi wa tanadin shekara shida,
asuba dubu biyu cikin dajin turare na Sululta.
Na shiga kwanar ƙarshe ina ta uku.
Wata doguwa ta miƙo ƙirji a kan layi.
Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba,
sai da na'ura ta raba gardama.
Ta huɗu ba a ɗaga mata tuta.
Ta huɗu ba mai tsayar da ita da tambaya,
ita ke neman jakarta da kanta.

Damina biyu bayan nan agarata ta tsinke,
na ji ƙarar, tas, kamar igiyar guga.
Wata goma sha bakwai ina koyon taka ƙasa.
Na dawo da komai nawa
ban da daƙiƙa biyu.
Na neme su a tudu, na neme su a kwari,
wanda ya tsinta bai mayar ba.

Yanzu zomo suke kirana.
Bindiga na tashi in wuce gaba,
in tsaga wa yara iska, idona a kan agogo,
sittin da biyu, sittin da uku, ba daɗi ba ragi,
in na cika mita dubu in ratse gefe.
Ana biyana kafin a san wadda ta ci.
Ban ji kunya ba.
Zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara.

Jiya Marartu ce a bayana, 'yar sha takwas,
numfashinta na dukan ƙeyata.
Na san wannan numfashi, na taɓa mallakarsa.
Na kauce, ta wuce ko waiwaye babu,
haka na koya mata.

Na tsaya kan ciyawa, hannu a gwiwa.
Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe,
sai ga ƙafar hagu ta ɗaga da kanta.
Shekara uku ina faɗa mata an sallame mu,
har yau ba ta yarda ba.